Wa Zai Rubuta Tarihin Lungunanmu?



Duk ɗan Kano ya san Bagauda, ya san Muhammadu Rumfa, ya san Turawa sun ci birnin a 1903. Amma tambayi matashi dalilin da ake kiran unguwarsu Alfindiki, sai ya hau sosa ƙeya. Alhali kalmar Larabci ce, funduƙ, wato masaukin fatake. Zangon Barebari nan ayarin Barno ke sauke kaya a zamanin da. Ayagi Yarabawa ne suka zaune ta, Sharifai kuwa suna danganta kansu da Shehu Magili, wanda ya zo zamanin Rumfa. Wadda ta fi burge ni ita ce Dandalin Turawa, don Turawan nan ba na Ingila ba ne, Larabawa ne 'yan kasuwa da suka keto Sahara.

Tarihin sarakuna yana da masu kula da shi, ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa. Na lungu fa? Yana bakin tsofaffi, su kuma kullum sai an yi jana'izar wani.

Shi ya sa mu shida muka kafa 'yar ƙungiya, ba ofis, ba asusu. Duk Asabar bayan la'asar mukan shiga wata unguwa, mu fara gaida mai unguwa, sannan mu kunna waya mu naɗi hira. Abin da na lura, dattawa maza sun fi ba da jerin wa ya gaji wa. In kana son unguwar kanta, nemi iznin shiga cikin gida. Wata gwaggo ta lissafa mana kududdufai uku da aka cike aka yi gini a kai, ta ce, "Yaro, ruwa bai manta gidansa ba, shi ya sa duk damina yake shigo mana ɗaki." Wannan magana ba ta cikin kowane littafi da na karanta a makaranta.

Mu kuma marubuta muna ta ajiye taurarinmu a "wani katafaren gida" da ba shi da unguwa, ba maƙwabci, ba warin karofi. Haba!

Asabar mai zuwa Fagge muka nufa, bayan badala, inda a da Buzaye ke sauka da raƙumansu. Wanda ke da kaka a can, ya yi min magana kafin Juma'a.