Gadar Kennedy da Juma'ar 9 ga Fabrairu

'Yan'uwanmu da ke zuwa Yamai fatauci sun san gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Ita ce ke ƙetare kogin Kwara zuwa Harobanda, inda jami'ar Abdou Moumouni take. Mu ma ta kanta muka bi, tsakanin 'yan babura da masu kai kayan lambu kasuwa.

A nan ne ranar Juma'a, 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka taso daga jami'a za su shiga gari, suna kukan matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatunsu. Jami'an tsaro suka buɗe wuta. Ɗalibai uku suka rasu, da dama suka jikkata. Allah Ya jiƙansu.

Wannan jini ya girgiza mulkin Janar Ali Saibu, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991. Amma a ganinmu wannan ribar 'yan siyasa ce, iyaye kuwa 'ya'ya suka binne.

Duk shekara ƙungiyar ɗalibai ta USN tana tuna ranar, tana neman a hukunta masu laifi. Yawancin masu fitowa yanzu ba a haife su ba a 1990.