Kukan Ƙarfe a Ƙarƙashin Rairayi

A bakin tekun Kwatano na fara ganin abin, wata shekara da muka je taron ƙara wa juna sani na malaman Faransanci. Da sassafe ne. Wani dattijon Bature, da abin sauraro a kunnuwansa, yana tafe sannu a hankali yana kaɗa wani sanda mai faifai a bisa rairayi, kamar mace mai sharar tsakar gida. In ya ji ƙara sai ya durƙusa ya tona. Na tambaye shi ko wani abu ya ɓace masa. Ya yi dariya, ya ce nishaɗi ne kawai, sannan ya gwada mini abin da ke jakarsa: marafan kwalba, wani makulli, ƴan daloli da suka dushe. Na ce a raina, sai wanda ya ƙoshi ke wasa da ƙasa.

Mu a Cadawa ba mu da teku, kuma na'urar ba da sunan wasa ta iso mana ba. A 2014, da labarin zinariyar Jado ya bazu, samari suka yi ta kwarara arewa, cikinsu har da wani ɗalibina mai kaifin basira da ya bar aji bai yi sallama ba. Da hukuma ta rufe wurin a 2017 ya dawo a rame, bai zo da komi ba sai irin sandan nan na Baturen Kwatano. Ya kawo mini gida, ya ce, "Mushe, riƙe mini ita. Ni na gaji da kukanta."

Haka na zama abin da na yi wa dariya. Da rani, in an ba da hutu, sai in tafi wajen dangi a ƙasar Gidan Rumji, in shiga Gulbin Maraɗi lokacin da ruwa ya janye ya bar yashi fari fat. Faifan nan yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ƙarfen da ke kwance kuwa ya amsa, kuma da sannu kunne ke koyon bambanta gurnanin baƙin ƙarfe da siririyar muryar tagulla ko azurfa. Yawanci gwangwani ne da ƙusa. Amma na sami kan kibiya, da kwabo mai huji na zamanin Ingilishi da ya ƙetaro iyaka, da dunƙulen kashin maƙera. Na riƙa kai su aji. Yaran da ke hamma in ana nahawu sai ga su suna rige-rigen taɓawa, suna tambayar mece ce tama, mene ne anini. Ban taɓa koyar da Hausa da sauƙi kamar a watannin nan ba, kuma wannan daɗin ne ya rufe mini ido.

A ƙarshen 2021 na shiga wani kufai da ke kusa da garinmu, ban nemi izinin kowa ba. A gindin wata tsamiya na'urar ta yi wani kuka mai tsabta. Liyari ne na azurfa, da kan sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya da shekarar 1780, wadda aka ci gaba da bugawa a kan kuɗin shekaru da yawa bayan mutuwarta. Wani maƙerin fari ya liƙa masa ƴar kafa ta zura zare, alamar a wuyan wata mace ya rayu. Da dare na kasa riƙe bakina, na fito da shi a fada ana shan shayi.

Kafin mako ya kewayo, liyari ɗaya ya zama tukunyar zinariya a bakin mutane. Lokacin kuwa zancen zinariyar Ɗan Isa na ko'ina, duk da cewa a watan Nuwamban shekarar rami ya rufta da mutane a can. Da na koma kufan na tarar da ramuka sun fi ƙirga, ga fasassun tukwane a warwatse, ga kuma abin da ba na so in kira sunansa, fari, a cikin turɓaya. Wani tsoho yana tsugune yana tattarawa cikin ƙwarya. Na gaishe shi bai amsa ba, sai can ya ce, "Malam, kai da ke karantar da ƴaƴanmu, ba ka san kufai yana da masu shi ba? Kakata tana kwance nan."

Na sani mana. Ni ne ke ba ɗalibai labarin Bura, can yammacin ƙasar nan, yadda aka wawashe tukwanenta da gumakanta aka kai kasuwannin Turai. Na san da dokar 1997 mai kare kayan tarihi. Kawai na ɗauka waɗannan maganganu na ɓarayi ne, ba na malami mai neman abin nuna wa aji ba. Baturen nan yana tona abin da baƙi suka yar jiya, a rairayin da igiyar ruwa ke sharewa kullum; ni kuwa ɗakin mutane na shiga don na ga ba rufi.

Na taya tsohon mai da ƙasa har la'asar. Washegari na kai masa liyarin, ya juya shi a tafin hannu, ya ce bai san ta wa ba ce, amma zai ajiye.

Na'urar tana bisa kabad, na cire mata batir. Makon jiya mai ita ya zo, yanzu da mata da ƴaƴa biyu, geron bana kuma bai yi ba. Ya ce, "Mushe, zan tafi Cibarakaten, a ba ni ajiyata." Na ce ya dawo ran Juma'a.