Dodon Cikin Littafi

Akwai iyaye da yawa a cikinmu waɗanda ba sa so 'ya'yansu su karanta labarun ban tsoro. Sukan ce zancen dodanni da mayu aikin duhu ne, bai dace da gidan mai bi ba. Na san ƙauna ce ta sa suke faɗin haka. Amma ni da na tashi da irin waɗannan littattafai ina da abin faɗi.

A unguwar New Bell ta birnin Duwala na yi ƙuruciyata. Babanmu yana aiki a wata masana'anta a Basa, yakan fita da asuba, ba ya komowa sai dare. A makaranta Faransanci muke yi, a kan titi kuwa Turancin buroka. Kakarmu da ya kamata ta yi mana tatsuniya tana can arewa. Saboda haka littattafai suka tsaya mana a matsayin kaka. Wani kawunmu ɗan kasuwa ne yake kawo su daga Kano, ya biyo jirgin ƙasa daga Ngawundare. A cikinsu akwai Tatsuniyoyi da Wasanni, wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara a farkon shekarun 1970. Idan ruwan Agusta ya tsare mu a ɗaki, sai yayarmu ta karanta, mu kuwa mu matsu da juna. A nan na koyi karatun Hausa, gama ina so in san ko Dodo zai cinye yarinyar.

Tattara irin waɗannan labaru ba sabon abu ba ne. Tun a 1885 wani mai wa'azin bishara, J. F. Schön, ya buga Magana Hausa, inda ya rubuta labarun da ya ji daga bakin Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya je Turai tare da Barth. Daga 1911 zuwa 1913 kuma Frank Edgar ya fitar da littattafai uku na tatsuniyoyi. Cikin tatsuniyoyin Hausa kuwa ba a rasa Dodo da kura da maye.

Ya mai karatu, duba abin da labarun suke koyarwa. Budurwa ta raina dukan samarin garinsu, ta bi wani kyakkyawan baƙo wanda ba a san asalinsa ba, sai a tsakiyar daji ya rikiɗa ya zama Dodo. Wata mace ta matsu a bakin kogi, ta yi wa Dodo alkawarin 'yarta, ranar biya kuma ta zo. A gari mai tashar jiragen ruwa kamar Duwala, inda baƙi masu daɗin baki suke shiga suna fita, wannan gargaɗi ba wasa ba ne. Abin da babba ya hango yana zaune, tatsuniya ce take nuna wa yaro shi tun bai kai can ba.

Har wa yau, tsoron cikin littafi yana da iyaka. Ana karanta shi a gaban 'yan'uwa, labari ya ƙare da ƙurunƙus, a rufe littafi, a yi addu'a, a kwanta. Yaron da aka hana shi wannan ba ya rabuwa da tsoro. Yakan je ya same shi a wayar hannu, shi kaɗai cikin duhu, ba mai yi masa bayani.

Don haka ina roƙonku, 'yan'uwa, kada ku jefar da tsofaffin littattafan nan. Ku fara karanta su da kanku, ku ware abin da ya fi ƙarfin yaro. Sauran kuwa ku zauna ku karanta tare da shi. In ya tambaye ku ko Dodo gaskiya ne, ku ce masa a'a, sa'an nan ku faɗa masa irin mutanen da ya kamata ya yi hankali da su.