Wa Ya Isa Ya Shiga Wikipedia? Mu Auna Da Willie Anku

Mu malaman makaranta mun daɗe da lura cewa yaranmu na yanzu, in aka ba su aikin gida a kan wani mutum, waya suke ɗauka su buɗe Wikipedia, wato kundin sanin nan na intanet da aka fara a shekarar 2001, wanda kowa na iya rubutu a cikinsa. In sun sami mutum a ciki, to babban mutum ne. In ba su same shi ba, sai su dawo su ce, "Malam, ai babu shi." Wannan ya sa muka ga tilas mu san mudun da ake auna mutane da shi kafin a ba su shafi.

Ƙa'idar da sashen Turanci yake bi ita ce: sai in wasu mutane, waɗanda ba ruwansu da mutumin, sun yi rubutu mai tsoka a kansa cikin littattafai ko jaridu ko mujallun da aka yarda da su. Wanda aka yi shakkar cancantarsa, akan kai shafinsa gaban jama'a a tattauna, yawanci kwana 7, sa'an nan a bari ko a goge. Hujja ake dubawa, ba yawan hannu ba.

To, mawaƙi da ɗan ƙwallo ba su da damuwa, domin kuwa jarida tana bin su duk inda suka sa ƙafa. Amma masanin ƙa'idojin kiɗa fa? Shi wannan bawan Allah ba ya cika fili da 'yan kallo. Aikinsa ya zauna ya saurari ganga, ya ƙirga, ya rubuta, ya bayyana yadda aka gina kiɗan, kamar yadda malamin nahawu yake yi wa harshe. Wace jarida ce za ta aika masa ɗan rahoto?

Bari mu ɗauki namu na gida, marigayi Farfesa Willie Anku. An haife shi a 1949 a yankin Volta, ya yi digirinsa na dakta a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka a 1988, ya koyar a Jami'ar Gana da ke Legon, ya kuma rasu a 2010 sanadiyyar haɗarin mota. In ka tsaya a kasuwar Kumasi ka tambayi mutane, da wuya ka sami wanda ya san sunansa. Amma duba abin da ya yi. Ya ɗauki kiɗan Adowa na Asante, wanda duk muka saba ji a wurin jana'izarsu, da kiɗan Bawa na arewa maso yammacin ƙasar nan, ya feɗe su. Ya nuna cewa kiɗan yana tafiya ne a kewaye, kamar hannun agogo, kewayen kuma yakan ƙunshi bugu 12 ko 16 masu tsawo ɗaya. Akwai wuri guda tsayayye da kowane zagaye yake komowa, amma babban makaɗi yana iya fara jimlarsa daga wani wuri dabam a cikin kewayen, ya bi ta kan sauran ganguna, kuma bai ɓata ba. Abin da baƙo yake ji kamar hayaniya, ashe lissafi ne tsaf. Ya buga wannan bayani a mujallar Music Theory Online a shekarar 2000. Mu da muka yi ɗan darasin kiɗa a kwalejin horon malamai, da rubutun kiɗa irin na Turawa aka raine mu, wanda yake tafiya a miƙe yana yanka kiɗa gida-gida, kuma duk wanda ya taɓa gwada rubuta Adowa da shi ya san wahalar.

Masu Wikipedia sun gane wannan giɓi, don haka suka yi wa malaman jami'a mudu na dabam. Ya isa in aikin mutum ya yi tasiri a fagensa, wato sauran masana suna ambatonsa suna gini a kansa, ko an zaɓe shi cikin wata babbar ƙungiyar masana, ko ya shugabanci babbar mujallar fagen. Ɗaya daga ciki ya wadatar. A nan ne muke ganin Anku ya haye, tun da Farfesa Kofi Agawu, wanda shi ma ɗan ƙasar nan ne kuma ya koyar a Princeton, ya tattauna aikinsa, haka ma Godfried Toussaint, masanin lissafin kwamfuta da ya yi nazarin kiɗa. Shafinsa kuwa yana nan, mun ga ya dace.

Sai dai mudun yana hannun mutane, mutum kuwa ajizi ne. A watan Mayu na 2018 wani ya ƙi karɓar shafin Donna Strickland, masaniyar kimiyya 'yar Kanada, wai hujjojin ba su isa ba. A watan Oktoba na wannan shekara aka ba ta kyautar Nobel. Ga kuma matsalar ƙirga: fagen kiɗa ƙarami ne, wanda ya auna yawan ambaton masanin kiɗa da mudun likitoci, ai ya zalunce shi.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne waɗanda Anku ya koya a wurinsu. Tsohon makaɗin da ya san inda kowace ganga take shiga, wanda yake tsayar da yaro da harara in ya yi kuskuren bugu ɗaya, shi ma masanin ƙa'ida ne, ko da bai riƙe alƙalami ba. Haka sarkin makaɗa na zangonmu, wanda ya san taken kowane gida da yadda kalangu yake bin hawa da saukar muryar Hausa. Wikipedia ta hana mu rubuta abin da muka ji daga bakinsa, sai abin da aka riga aka buga. In wannan mujalla ta rubuta tarihinsa, an sami hujja guda ke nan, ƙa'idar kuwa fiye da ɗaya take nema.