Tsohuwar Na'urar Lissafi Mai Suna Biyu A Bletchley

Garin Bletchley yana kimanin mil 50 arewa maso yamma da birnin Landan. A nan ne, cikin wani gini da aka yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin masu warware asirin saƙonnin Jamus, aka buɗe gidan adana tsofaffin na'urori masu ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta.

Mai ziyara yakan ji ƙas-ƙas tun kafin ya ga mai yin ƙarar. Wata ƙatuwar na'ura ce mai nauyin tan biyu da rabi, fitilunta 828 suna ƙyaftawa, har mutum yana iya bin lissafin da ido. A cibiyar binciken nukiliya ta Harwell aka ƙera ta, ta soma aiki a 1951. Ba ta da sauri ko kaɗan, domin takan ɗauki daƙiƙa 5 zuwa 10 kafin ta ninka lamba da lamba, amma fa ba ta san gajiya ba.

Wahalar tana wuyan masu shigar da kayan tarihi cikin rajista. A 1957 aka ba da na'urar ga kwalejin fasaha ta Wolverhampton. Can aka ƙara mata ma'ajiyar lambobi daga 40 zuwa 90, aka kuma raɗa mata suna WITCH, watau mayya. To, wacce za a rubuta, ta Harwell ko ta Wolverhampton? Da an cire ƙarin don neman asali, da an shafe shekara 16 da ta yi tana koyar da ɗalibai. Gidan ya bar ta da ƙarinta, kuma ya kyauta; hasali ma fitilu 828 ɗin nan da ake ƙirgawa har da na Wolverhampton a ciki.

Saura ƙiris ta salwanta. An kai ta wani gidan tarihi a Birmingham a 1973, da aka rufe shi a 1997 aka wargaza ta, aka jibge a sito. Sai a 2008 Kevin Murrell ya gane allon sarrafa ta a jikin wani hoton kayan ajiya. Aka kawo ta Bletchley a 2009, aka yi shekara uku ana gyara, ranar 20 ga Nuwamba, 2012 ta sake kunnuwa.