Majami'ar Ƙasa ta Wusasa

Ni mutumin Shanga ne, a bakin Kwara aka haife ni, na kuwa tashi ina raina ginin ƙasa. Dalili shi ne, da aka datse kogin a Kainji cikin 1968, ruwa ya ci gungaye da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yauri, aka gina wa mutanensu sababbin gidaje na siminti. Tun daga nan muka ɗauka tubali da yaɓe sai matalauci.

Ran nan wani abokina Kirista ya kai ni garinsu, Wusasa, kusa da birnin Zariya, in ga majami'arsu ta Bartalamawus. Na zaci zan tarar da irin waɗanda muke gani a littattafai, wato na Ingila zamanin Sarauniya Bitoriya (1837 zuwa 1901), waɗanda aka gina da dutse a garuruwan masaƙu da ramukan kwal, kowace da hasumiya mai tsini. Ashe ba haka ba ne.

Ga tarihinta a taƙaice. Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. A 1929 Mishan ta tashi ta koma Wusasa, a nan aka gina majami'ar. Turawan nan sun san ginin ƙasarsu sarai, amma suka bar shi, suka ɗauki na Hausa.

Da na shiga na ɗaga kai, sai ga bakuna sun tashi daga jikin bango sun haɗu a sama. Azara ce ake jerawa, kowace ta ɗara 'yar'uwarta kaɗan, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa. Hikimar nan ce Babban Gwani, Muhammadu Durugu, ya yi wa Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Waje rana tana ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar gindin randa.

Kunya ta kama ni. Baƙo ya ga darajar abin da ni ɗan gida na yar.

To, 'yan'uwana malaman gobe, ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun da zai yaɓe shi kafin damina. In tsofaffin maginanmu suka ƙare ba magaji, wa zai ɗaure mana baka? Ni dai in na koma gida, zan kai yarana wurin magini su ga aikinsa. Allah ya sa mu gane. Amin.