Katakon Da Ba Ya Son Gaggawa

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota da a ke ƙerawa tamkar gida, da gado, da madafa, da makewayi, da kabad na ajiye kaya. Kamfanin Winnebago ya fitar da tasa ta farko a 1966 a Jihar Ayowa, yau kuwa garin Elkhart na Jihar Indiyana shi ne cibiyar wannan sana'a. Tsofaffi da yawa in sun bar aiki sukan sayar da gida su tare a cikinta, duk inda dare ya yi musu nan ne gari.

Cikin irin waɗannan akwai wani tsohon malamin makaranta da matarsa, waɗanda ba su mallaki kome ba bayan motarsu. Da ta shekara goma sai rufinta ya yi yoyo, ruwa ya lalata ƙyauren kabad guda biyu. Gyara ya zama tilas, domin ran da tsufa ya hana shi tuƙi, kuɗin motar nan ne za su kama haya da shi, mai saye kuwa da ya ga faci sai ya karya farashi.

Katakon cikin motar na itacen ceri ne, wanda mafi kyawunsa ya ke fitowa daga dazuzzukan Jihar Fensilbaniya. Kafinta ya fara tabbatar da haka, saboda sau da yawa wani katako mai araha a ke rinawa a kira shi ceri. Sa'an nan ya sassaƙa sababbin ƙyamare, ya goge su da samfefa, ya kawo. Da malamin ya gan su sai gabansa ya faɗi: ga tsohon katako ja wur mai duhu kamar cikakken dabino, ga sabo fari-fari kamar bai warke daga ciwo ba. Nan take ya ce a shafa musu rini mai duhu su zama ɗaya kafin magariba.

Kafinta ya ce, "Dattijo, in na daidaita su yau, baɗi war haka za ka zage ni." Ya buɗe wani tsohon kabad ya nuna masa cikin ƙyauren, inda haske ba ya kaiwa. Ashe cikin ya fi bayan haske ƙwarai, alhali katako ɗaya ne, folish ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, ceri yakan yi duhu da kansa in haske da iska sun taɓa shi, kamar yadda madaci ya ke yi a hannun kafintocinmu. Mafi yawan canjin cikin shekarar farko ya ke aukuwa. Watau in an rina sabo ya yi daidai da tsoho yau, zai ci gaba da duhu ƙarƙashin rinin har ya zarce. Ban da haka, ceri ba ya shan rini bai ɗaya, sai ya fito dabbare-dabbare. Sauri ke nan ya haifi nawa.

Saboda haka kafinta ya shanya ƙyamaren a rana kwana da kwanaki, yana juya su. Ya shafa musu ruwan shalak, watau ƙaron da wani ƙwaro ya ke yi a Indiya, don ya toshe ƙofofin katakon. Kowane launi sai ya gwada shi bisa guntun da ya rage, ya shiga da shi cikin motar ya duba da hasken taga. Ya kuma lura da ƙyalli, domin launi ko ya dace, in sheƙi ya bambanta ido zai kama. Daga ƙarshe ya tsaya tun sabon bai kai tsohon duhu ba, ya bar wa rana sauran aikin.

Watannin farko malamin bai ji daɗi ba, kullum ya zauna shan shayi idonsa na kan ƙyamaren nan. Matarsa ce ta riƙa buɗe labule da safe don haske ya shigo. Bayan shekara guda jikarsu ta zo hutu, aka ce ta nuna waɗanda aka sake. Ta duba, ta duba, ta ɗora yatsa a kan wani tsoho.